Farar Merlot ta Ticino: Yadda Take a Baki da Abincin da Ya Dace da Ita

Duk wanda ya san inabin Merlot ya san shi ne da jar giya, domin shi ne ƙashin bayan giyar yankin Bordeaux na Faransa, musamman a Pomerol da Saint-Émilion, kuma daga can ya bazu zuwa Amurka da Chile da Afirka ta Kudu. Sai dai a jihar Ticino da ke kudancin Suwizalan, inda ake magana da harshen Italiyanci, manoma sun daɗe suna matse wannan baƙin inabi su fitar da farar giya garau, wadda suke kira Bianco di Merlot. Ita ce abin da na ɗauka in yi wa duba a nan, tare da abincin da na ga yana tafiya da ita da wanda yake kashe mata ɗanɗano. Kafin in ci gaba, ya kamata a san cewa giya ce mai barasa kamar kowace giyar inabi, yawanci tsakanin kashi 12 da 13 cikin 100, saboda haka haskenta a kofi bai sauya hukuncinta ga Musulmi ba. Bayanin zai fi amfanar masu shan ta, da masu aikin otal da gidajen abinci waɗanda baƙi ke tambayarsu, da kuma matafiyin da yake son ya gane abin da aka ajiye a gabansa kafin ya kai hannu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda baƙin inabi zai ba da farin ruwa, alhali sirrin ba shi da nisa. Idan aka ɓare ƙwayar Merlot za a ga tsokarta fara ce mai ɗan kore-kore, launin kuwa yana cikin ɓawo ne kaɗai, inda sinadarin antosayanin yake. Mai yin jar giya yana barin ruwan ya jiƙa tare da ɓawon na tsawon kwanaki ko makonni, har launin da baurin su fita su shiga ciki. Mai yin fara kuwa gaggawa yake yi: ana tsinko inabin da wuri kafin zaƙinsa ya yi yawa tsaminsa ya ragu, a kai shi wurin matsa da sanyinsa, a matse shi a hankali ba tare da an murƙushe ɓawon ba, sannan a raba ruwan da tukar nan take. Daga nan sai a bar shi ya tsima cikin tankin ƙarfe mai sanyi, kamar yadda ake yi wa kowace farar giya. Akwai 'yan tsirarun nau'o'in inabi, irin su Alicante Bouschet da Saperavi na ƙasar Jojiya, waɗanda har tsokarsu ja ce, su kam ba su yiwuwa a wannan aiki. Idan ɗan launi ya zarce cikin ruwan, doka ta yarda a sa gawayi na musamman ya tsotse shi, amma gawayin ba ya zaɓe, yana tafiya da wani ɓangare na ƙamshin, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasu kwalabe suke fitowa fari fat amma salam a baki.

Dabarar ba ta Ticino ce ta asali ba. Mutanen yankin Shampen na Faransa sun ƙware a kanta tun ƙarni na 17, kuma ana danganta gyaranta da Dom Pérignon, malamin majami'ar Hautvillers wanda ya rasu a 1715. Har yau ƙa'idarsu ta kayyade cewa daga kilo 4,000 na inabi lita 2,550 kaɗai za a matso, lita 2,050 na farko su ne mafiya daraja, saboda matsi mai tsanani yana jawo launi da ɗaci. Jamusawa ma suna yin tasu daga Pinot Noir, wanda suke kira Spätburgunder. Abin da ya bambanta Ticino shi ne ta yi hakan da Merlot, kuma larura ce ta kai ta.

A ƙarshen ƙarni na 19 ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin jihar kamar yadda ya yi wa sauran Turai. Da aka zo sake dashe, hukumomi suka gwada irin da aka kawo daga Bordeaux, kuma shekarar 1906 ce ake ɗauka a matsayin mafarin Merlot a Ticino. Irin ya karɓi ƙasar sosai, domin yana jure yawan ruwan saman da ake yi a kudancin tsaunukan Alps kuma yana nuna da wuri, har ya kai ga cewa a yau kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin inabin jihar, waɗanda faɗinsu bai wuce hekta 1,100 da 'yan kai ba, Merlot ne. Sakamakon haka jihar ta wayi gari da jar giya mai yawa, ba ta da fara ta kirki, alhali tana da manyan tafkuna biyu, Maggiore da Lugano, masu ba da kifi, ga kuma baƙi daga Zurich da Jamus da ke cika garuruwan Locarno da Ascona lokacin zafi suna neman abu mai sanyi. Maimakon a tumɓuke gonaki a jira shekaru sabon dashe ya yi 'ya'ya, sai masu matsar inabi suka fara fitar da fara daga abin da suke da shi a shekarun 1980. Yanzu da wuya a shiga gidan abinci a Bellinzona ko Lugano ba a same ta a jerin abin sha ba, kuma akwai sunaye da suka yi fice, kamar Bucaneve na Giubiasco, da Terre Alte na gidan Gialdi, da Chiar di Luna na gidan Delea, da Bianco Rovere na Guido Brivio wadda ake ajiyewa a gangar katako.

A kofi, mafi yawan waɗanda na sha launinsu rawaya ne mai haske ƙwarai, wani lokaci da ɗan jirwaye na ruwan hoda wanda sai an kara kofin da farar takarda ake ganinsa. Ƙamshinta ba mai tashi ba ne. Wanda ya saba da farar giyar Sauvignon Blanc, wadda ake jin ƙamshinta tun daga nesa, zai iya cewa wannan ba ta da abin faɗa, sai ya yi haƙuri ya juya kofin sannan zai ji tuffa da shammam da ɗan fure, a bayansu kuma wani abu mai kama da sitiroberi wanda bai gama nuna ba, wanda shi kaɗai ne ke tona asirin cewa baƙin inabi ne uwarta. A baki ne take nuna kanta. Tana da kauri da santsi fiye da yadda launinta ya nuna, tsaminta matsakaici ne, ba ta da zaƙi, kuma a ƙarshe tana barin wani ɗan bauri siriri a gefen harshe, irin na farin goro amma bai kai rubu'insa ba. Wannan baurin, a ganina, shi ne dukiyarta, domin shi ne yake ba ta ƙarfin tsayawa kusa da abinci mai maiƙo, inda farar giya mara nauyi takan ɓace.

Rauninta kuma daga wuri ɗaya yake fitowa. Merlot ba inabi ne mai yawan tsami ba, saboda haka idan an makara wajen tsinka, ko shekarar ta zo da zafi mai tsanani, giyar takan fito da nauyi, barasarta ta fito fili, ta rasa kaifin da ke sa mutum ya so ya ƙara kurɓa. Na ci karo da irin wannan a wata kwalba mai araha da na saya a wani babban kanti, wadda ba ta da wani aibi da za a nuna da yatsa, amma kuma ba ta da abin da za a tuna da shi bayan an ajiye kofin. Ina ganin wannan shi ne haɗarin wannan salo baki ɗaya: tsakanin mai kyau da mara armashi tazara kaɗan ce, kuma takardar da ke jikin kwalbar ba ta faɗa wa mai saye komai game da ranar tsinka ko yawan gawayin da aka sa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, waɗanda suka fito daga arewacin tsaunin Monte Ceneri, wanda ya raba jihar gida biyu, inda ƙasar take ta duwatsu masu tsauri, sun fi zuwar mini da siranta da kaifi, na yankin Mendrisio da ke kudu kuwa, mai ƙasar laka da farar ƙasa, sun fi cika baki. Sai dai gidaje da yawa suna haɗa inabin ɓangarorin biyu, don haka ba ƙa'ida ce da za a dogara da ita ba.

Wadda aka ajiye a gangar itacen oak wata aba ce daban, har ina ganin bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Launinta ya fi duhu, tana ƙamshin man shanu da soyayyar gyaɗa da banila, tana da nauyi sosai, kuma kuɗinta yakan kusan ninka na ta tankin ƙarfe. Idan an yi ta da hannu mai sauƙi tana da daɗi ƙwarai, musamman bayan shekara biyu ko uku a kwalba, lokacin da katakon ya lafa. Amma duk da haka ni ta tankin ƙarfe na fi so, domin katako yakan rufe wannan ɗan ƙamshin jan 'ya'yan itace, kuma idan ya tafi, babu sauran dalilin da zai sa mutum ya biya farashin Suwizalan maimakon ya sayi farar giyar Chardonnay daga wani wuri.

Kuskuren da aka fi yi mata shi ne sanyi. Na ga gidajen abinci, har a cikin Ticino ɗin kanta, suna kawo ta a nutse cikin bokitin ƙanƙara har kofin yana gumi, kuma a wannan hali ba a jin komai sai ruwa mai ɗan ɗaci. Ta tankin ƙarfe tana buɗewa ne a tsakanin digiri 8 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas, ta katako kuma tsakanin 10 zuwa 12, wato a fito da ita daga firji a ba ta kamar rubu'in sa'a kafin a zuba. A gidajen abincin gargajiya da suke kira grotto, waɗanda asalinsu rumbunan dutse ne masu sanyi da ake adana cuku da nama a ciki, akan zuba giya a ɗan tulun tangaran mai suna boccalino ko a ƙaramar tasa. Al'ada ce mai ban sha'awa ga jar giya ta yau da kullum, amma ga wannan gara a nemi kofin gilashi mai ɗan faɗin ciki, domin ƙamshinta ba shi da yawan da za a yi asararsa.

Game da abinci, babu abin da ya kai kifin tafki dacewa da ita. Kifin da suke kira persico, wanda ake yanka shi sala-sala a turbuɗa a gari a soya da man shanu da ganyen salbiya, shi ne gwajin farko da zan ba kowa shawara. Man shanun yana buƙatar abin da zai wanke shi daga harshe, naman kifin kuma yana da laushin da giya mai kaifi sosai za ta danne shi, to wannan tana tsaye daidai tsakani. Haka take da kifin coregone gasasshe, in dai ba a yi masa ambaliyar lemun tsami ba. Inda na ga ta gaza shi ne da kifin carpione, wanda ake soyawa sannan a jiƙa shi cikin ruwan khal da albasa da karas. Abinci ne mai daɗi, amma tsaminsa ya fi nata nesa ba kusa ba, kuma duk lokacin da abinci ya fi giya tsami, giyar takan koma lami a baki.

Na biyu shi ne risotto, wato shinkafar da ake dafawa ana ƙara mata romo kaɗan-kaɗan ana juyawa har ta yi danƙo, a ƙarshe a sa man shanu da cuku. Ana noman shinkafar da ta dace da wannan girki a kusa da Ascona, a bakin kogin Maggia, tun 1997, abin da ba kowa ya san ana yi a Suwizalan ba. Risotto mai ganye ko mai kifi yana tafiya da ta tankin ƙarfe, mai kabewa ko mai naman kaza na daji kuwa ya fi son ta katako, domin zaƙin kabewar yana haɗuwa da ƙamshin gyaɗar da ke cikinta. A nan akwai abin da ya kamata matafiyi Musulmi ya sani: kusan kowane risotto ana zuba masa giya a farkon girki, akwai ma wanda ake dafawa da jar Merlot har ya koma shunayya, kuma tsiran luganiga da ake yawan ɗorawa a kansa na naman alade ne. Tambaya kafin a yi oda ita ce mafita, kuma wanda ba ya sha yana da gazzosa, lemon kwalba na gargajiyar jihar mai ɗanɗanon lemun tsami ko lemun zaƙi, wanda ake samu a kowane grotto.

Cuku kuma sai an zaɓa. Ƙananan sababbin cukun kwarin Muggio, waɗanda ake ci da man zaitun da masoro, sun yi mata daidai, har ina ganin idan mutum yana son ya gane wannan giya da abu ɗaya mai sauƙi, wannan ne tare da burodi. Amma cukun zincarlin da ya daɗe, mai yaji da ƙarfin wari, yana shafe ta gaba ɗaya. Polenta, tuwon masarar mutanen wurin, ta danganta da abin da aka ɗora mata: idan cuku ne ko man shanu, ta katako za ta iya, idan kuwa naman sa ne da aka daɗe ana dafawa cikin jar giya, to wannan fagen jar Merlot ne, kuma babu amfanin tilasta wa fara shiga.

Da na gwada ta da girkinmu na gida, abin da ya fito fili shi ne barkono ne babban abokin gabarta. Barasa tana ƙara wa yaji zafi a harshe, giyar da ba ta da zaƙi kuma ba ta da abin da za ta kwantar da shi, saboda haka tsire mai yaji sosai, da farfesu, da kilishi, duk sun bar ta ba ɗanɗano sai ɗaci da raɗaɗi. Wanda ya nace sai ya haɗa irin wannan abinci da giyar inabi, Riesling ta Jamus mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa za ta fi yi masa. Miya mai daddawa ma ba ta karɓe ta ba, domin ƙamshin daddawar ya fi ƙarfinta. Amma da aka rage barkonon, abubuwa da dama sun yi kyau: gasasshen karfasa da albasa, soyayyar kaza da dankalin turawa, doya da ƙwai, da soyayyen cukun Fulani, wanda laushinsa da maiƙonsa suka yi kusa da abin da aka saba haɗa ta da shi a can. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masa da miyar taushe mara yaji, domin ɗan tsamin masar bai wuce na giyar ba, kabewa da gyaɗar miyar kuma sun yi aikin da risotto mai kabewa yake yi, musamman da ta katako. Dambun nama, idan ba a cika masa yaji ba, shi ma ya zauna da ita lafiya saboda wannan ɗan baurin.

Kada a rikita ta da abin da ake sayarwa daga Kalifoniya da sunan White Merlot ko White Zinfandel. Waɗancan ruwan hoda ne kuma masu zaƙi, salon da ya samo asali a gidan Sutter Home a 1975 lokacin da tsimuwar wata giya ta tsaya kafin sukarin ya ƙare, jama'a kuma suka so ta a haka. Ba su da alaƙa da ta Ticino sai ta suna, kuma abincin da ke tafiya da su daban ne.

Batun kuɗi shi ne inda nake da ja. Gonakin Ticino ƙanana ne, da yawansu a kan gangaren tsauni inda injin ba ya hawa, ladan ma'aikata a Suwizalan kuma yana cikin mafiya tsada a duniya, don haka kwalbar da ba ta wuce matsakaiciya ba takan fi farar giyar Italiya mai kyau tsada, alhali kan iyakar ba ta da nisa da Mendrisio. Idan ana maganar riba ce zalla, Soave ko Lugana daga can ƙetaren za su ba mai saye fiye da abin da ya biya. Abin da yake saye a nan shi ne wani ɗanɗano da ba a cika samunsa a wani wuri ba, da kuma dacewarta da abincin ƙasar da ta fito. Samunta a waje ma aiki ne, domin abin da Suwizalan ke fitarwa daga giyarta bai kai kashi 2 cikin 100 ba, sauran a gida ake shanye shi, don haka wanda bai je ba sai dai ya yi saƙo. Zuwan ya yi sauƙi tun da aka buɗe ramin jirgin ƙasa na Gotthard mai tsawon kilomita 57 a 2016, wanda ya sa tafiya daga Zurich zuwa Lugano ta koma kimanin sa'o'i biyu.

Wanda zai saya ya duba shekarar da ke jikin kwalbar, ya ɗauki mafi sabunta idan ta tankin ƙarfe ce, domin ba a yi ta don ajiya ba, kuma bayan shekara biyu ƙamshinta yakan fara dusashewa. Ya duba launinta ta jikin gilashin idan ana gani, in ta fara komawa ruwan zuma to iska ko zafi sun taɓa ta. Wannan ya fi shafar wanda zai kawo ta ƙasa mai zafi irin tamu, inda kwana kaɗan a bayan mota ko a shagon da ba shi da sanyi ya isa ya dafa ta a cikin kwalbarta. Idan an buɗe, a mayar da murfin a sa a firji, a gama da ita cikin kwana biyu ko uku.